Minti Shida na Ƙarshen Faifai

Ranar Litinin ce, da hantsi. Ina tsakar gida ina kwaɓa garin tagella, gurasarmu da ake gasawa a garwashi, garwashi ya riga ya yi ja, sai na ga Ekawel a bakin ƙofa. Ekawel shi ne mai buga wa ɗana ƙwarya tun suna yara, kuma bai taɓa shigowa gidana ba tare da ya tambayi abin da ke cikin tukunya ba. Ranar bai tambaya ba. Ya ja rawaninsa har ƙasan ido, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa nesa da tabarma. Hannunsa na hagu a naɗe da bandeji.

Na ce, "Ina abokin tafiyarka?"

Ya ce, "Anna, sai haƙuri." Anna shi ne uwa da harshenmu, haka yaran duk suke kirana.

Motarsu ce ta kife a hanyar In Salah, suna dawowa daga kiɗan biki. Taya ce ta fashe. Su huɗu ne a ciki, uku suka fito da ƙafarsu. An riga an binne ɗana a can tun jiya da la'asar, don zafi ba zai bari a kawo shi gida ba. Na ci gaba da kwaɓa garin, har sai da 'yata Takamat ta zo ta cire mini hannu daga kwanon.

Daga ranar ban sake kiran sunansa ba. Mu wanda ya tafi ba a kiran sunansa, ana barinsa ya huta. Ko a takardar nan ba zan sa shi ba.

Wata biyar kafin nan ne faifansa ya fito.

Shi ɗana da kiɗan biki yake ci. Duk Tamanrasat an san shi, idan ya rataya jita sai mata sun gaji da guɗa. Amma bai ɗauki wannan a matsayin kiɗansa ba. Nasa kiɗan a tsakar gidan nan yake yinsa, da rana tsaka, da wata 'yar lasifika mai batir da ƙaramar rikoda. Sai ya sassauta tsirkiyoyin jitar, ya soka cokalin shayi a ƙarƙashinsu, ya riƙa goga su da wayar birkin keke. Wani lokaci abin ya yi kama da ƙofar ƙarfe da ta shekara ba a ɗiga mata mai ba. Wani lokaci kuma, a tsakiyar wannan hayaniya, sai wani sauti mai sanyi ya ɓullo, ka tsaya da aikin hannunka ba ka sani ba.

Ba zan yi ƙarya in ce ina son kiɗan ba. Na sha leƙowa daga madafa in ce masa, "Wai kiɗa kake yi ko gyaran mota?"

Sai ya ce, "Anna, kunnenki ne ya tsufa."

"Kunnen da ya tsufan shi ya ji kukanka na farko, kuma wallahi ya fi wannan daɗi."

Sai shi da Ekawel su yi ta dariya.

Waƙoƙi tara ya haɗa. Wani Bature mai ƙaramin kamfani a birnin Liyon, can Turai, ya ji su a wayar wani direba, ya nemo shi, ya ce zai buga. Ya nemi a turo masa hoton ɗana a kan tudun yashi, da rawani da raƙumi, don a sa a bangon faifan. Ɗana ya ɗauki hoton ƙofar gidanmu, mai shuɗin fenti da ya ɓaɓɓare, ya tura masa. Baturen ya kuma ce a yanke ƙarshen waƙa ta tara, don jita ta tsaya amma faifan ya ci gaba da tafiya har minti shida babu komai. Ɗana ya ce ko a buga da minti shidan ko a fasa. Aka buga.

Ranar da kwalin faya-fayan ya iso ya miƙo mini guda ɗaya, ya ce, "Anna, ke kika rufe faifan nan fa."

Na ce, "Ni ban rufe komai ba sai tukunyata." Na sa shi a cikin akwatin kayana, ban saurara ba.

Takamat tana koyarwa a firamare, ita ce mai jin Faransanci a gidan. Ita ta riƙa karanta mana abin da ake rubutawa a kan faifan. Na farko kuma mafi girma wani ne wai shi Tibo Marsan, mai rubutu a wata mujallar kiɗa ta Paris. An ce idan ya yabi faifai an saya, idan ya kushe an bari. Ya ba ɗana tauraro biyu cikin biyar.

Na ce, "Wa ya ba shi taurarin da yake rabawa?"

Takamat ta ce, "Anna, haka suke auna abu."

"To karanta."

Ta karanta tana fassarawa, tana tsallake wasu wurare, sai yayanta ya ce kada ta tsallake komai. Tibo ya ce ya saurari faifan bai ji hamada a ciki ba. Ya ce ga wani saurayi da aka haifa cikin gadon kiɗa mai daraja, ya watsar yana kwaikwayon yaran Landan. Ya ce ya manta kakanninsa. Mutumin da bai taɓa taka Tamanrasat ba, bai san ko sunan kakan mutum ɗaya a unguwarmu ba, shi ne ya san wanda ya manta kakanninsa. Da ya zo kan waƙa ta tara ya ce minti shidan nan na ƙarshe ko dai lalaci ne ko raina mai sauraro.

Ɗana ya yi dariya ya ce, "Aƙalla ya ƙirga mintocin daidai."

Amma ranar bai ci abinci ba.

Sauran masu rubutun suka bi bayan Tibo kamar awaki sun ga an buɗe ƙofa. Wannan ya ce babu hamada, wancan ma ya ce babu hamada. Ni da nake share ta daga ɗakina kullum safe, ban san abin nema ba ce. Mutanen garinmu ma ba su fi su ba. A kasuwa wata ta tare ni ta ce, "Tekna, wai me ya sami ɗanki? Wannan abin ai ba a rawa da shi." Wurare uku a Turai da suka gayyace shi wasa da bazara, duk suka aiko cewa sun canza shiri. Sai ya koma kiɗan biki, har da na nesa waɗanda da can yake ƙin zuwa saboda hanya. Na In Salah yana cikinsu.

Ban ce Tibo ne ya fasa tayar ba. Ajali ne, na sani, na kuma yarda. Ina faɗar yadda abubuwa suka biyo juna ne kawai.

Bayan sadakar arba'in gida ya yi shiru. Wata rana na ce wa Takamat ta sa mini faifan a waya, ta nuna mini inda ake dannawa. Na zauna na ji shi tun daga farko. Da na zo ta tara, jita tana cikin tafiya sai ta tsaya cak, a tsakiyar sauti. Nan take na gane ranar. Ranar da aka ɗauke wuta ce a unguwa, lasifikar masallaci ba ta aiki, ladan ya hau soro ya kira azahar da bakinsa. Mu da ke gidan mun ji shi, rikodar ce ba ta kama ba. Duk makaɗin da aka yi wa tarbiyya, idan ya ji kiran salla yana ɗauke hannu, ko a tsakiyar biki ne. Abin da ya yi ke nan, ya bar rikodar tana tafiya.

Na ƙure muryar wayar na kara a kunne. Ashe ba shiru ba ne. Ga ƙarar jingine jita a bango. Ga silifansa. Ga ruwan buta yana zuba a ƙasa, ga kazarmu mai ɗingishi tana ƙorafi. Can ga murfin tukunya. Sannan, a ƙarshen ƙarshe, daga nesa, wata mace ta kira sunansa sau biyu, ta ce in ya idar ya zo ya ci kafin ƙanwarsa ta cinye naman. Ya amsa, "Ina zuwa, Anna," da dariya a muryarsa. Sai faifan ya ƙare.

Wata biyar faifan yana akwatina ɗana yana raye, ban ba shi minti shida ba. Don haka idan ina zagin Tibo, na san inda nawa laifin yake.

Ba a jima ba labarin rasuwar ya isa Turai. Takamat ta dawo daga makaranta da waya a hannu, fuskarta a ɗaure, ta ce, "Anna, mutumin nan ya sake rubutu."

Tauraro biyar. Yanzu faifan ya zama irin wanda ake samu sau ɗaya a shekara ashirin. Cokalin shayin ya zama hikima. Minti shidan kuwa, wai shi ne shirun hamada kanta, wai ɗana ya hango mutuwarsa ya bar mana ita a faifai. Bai ambaci rubutunsa na farko ba ko da kalma ɗaya. Awakin suka juyo suka bi shi. Matar kasuwar nan ma ta zo gaisuwa ta biyu, ta ce ita tun farko ta san yaron ya wuce zamaninsa.

Na ce wa Takamat, "An canza wani abu a faifan ne?"

"A'a."

"To ashe sauran taurari ukun jira suke a binne shi."

Da sanyi ya shigo, Ekawel ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce Tibo yana gari, yana son ganina. Zai yi shiri na awa guda a rediyon ƙasarsu a kan faifan. Ya kuma yi wa Ekawel alkawarin zai sa a ji ƙwaryarsa a shirin. Ekawel yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma tun hatsarin ba a cika kiransa biki ba. Na ce ya kawo shi.

Na zaci zan ga babban mutum. Wani siriri ne mai furfura a gemu, ya sayi sabon rawani a kasuwa ya naɗa shi a haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ya kawo sukari da ganyen shayi, na san Ekawel ne ya koya masa. Kafin ya shigo sai da ya tsaya yana shafa ƙofarmu da hannu. Ya zauna a tabarma, ya ajiye rikodarsa mai gashi a kai kamar ɓera, ya fara magana. Takamat tana fassarawa, Ekawel yana hura gawayin shayi.

Cikin gaisuwa kaɗai ya kira sunan ɗana sau bakwai. Duk kira ɗaya sai Ekawel ya ƙara sunkuyawa kan gawayi.

Na ce wa Takamat, "Ce masa sunan ba goro ba ne, ya daina taunawa."

"Anna, ba a faɗar wannan da Faransanci."

"To da me ake faɗa?"

Ta dai gaya masa cikin ladabi cewa mu ba ma kiran sunan mamaci. Idonsa ya yi haske, ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Ya ce wannan al'ada tana da kyau ƙwarai, ya taɓa karanta ta. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana so shirin ya buɗe da muryata. Ba dogon bayani ba, sunan kawai. Uwa ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, a bar shiru kaɗan, sai jita ta shigo. Ya ce tunda ba ma kira, wannan karo ɗayan zai fi komai ƙarfi, duk wanda ya ji sai ya yi hawaye.

Takamat ta fassara tana kallon ƙasa. Ekawel ya ce da harshenmu, "Anna, wallahi ban san wannan zai nema ba."

Na ce, "Zuba masa shayi."

Ya sha kofi na farko yana ɓata fuska don ɗaci, yana cewa da daɗi. Ya sake roƙo. Ya ce duniya tana bukatar ta san ɗana, kuma shi ya ɗauki wannan a matsayin nauyi a kansa.

Na ce, "Tambaye shi, shi ne mai tauraro biyu?"

Ya yi ja har kunne. Ya ce babban aiki yakan ɗauki lokaci kafin a fahimce shi, kuma mai sharhi na gaskiya ba ya jin kunyar sake tunani.

"Tambaye shi me ya ji a karo na biyu wanda bai ji ba a na farko."

Ya ce shirun. Ya ce minti shidan nan sun hana shi barci, ya san su kamar tafin hannunsa.

A nan na yanke shawara. Bakina ba zai kira sunan ba ko za a yanka ni. Amma ɗana da kansa ya sa shi a faifai, ya ba duniya, ba ni da ikon ɓoyewa. Idan mutumin nan ya zauna ya ji, ya samu abin da ya zo nema, ya je ya sa a rediyonsa, ni kuma in haɗiye. Na ce wa Takamat ta ɗauko 'yar lasifikar yayanta ta haɗa da waya.

Na ce, "Gaya masa ba zan yi magana a ɓeransa ba. Amma mu ji waƙa ta tara tare, daga farko har ta mutu da kanta. Duk abin da ya ji a ciki nasa ne."

Ekawel ya ɗago ya dube ni. Shi yana nan ranar da aka ɗauka, ya san abin da ke ciki.

Tibo ya ce wannan babbar karramawa ce. Ya gyara zama, ya rufe ido, ya ɗora hannu a ƙirji. Jita ta yi ta kukanta, yana gyaɗa kai. Ta tsaya. Aka ji an jingine ta a bango. Minti ɗaya yana nan da idonsa a rufe. A na biyu ya buɗe ido ɗaya ya duba ko rikodarsa tana aiki. Da ruwan buta ya fara zuba sai ya karkato wajen Takamat ya yi mata raɗa.

Na ce, "Me ya ce?"

"Wai kin ji iskar hamada."

"Alwala ce."

"In gaya masa?"

"Bar shi da iskarsa."

A minti na uku ya fara yi wa Ekawel bayanin abin da shirun yake nufi. A na huɗu ya duba agogo, ya dubi sama, ya ce wa Takamat rana ta kusa barin jikin ƙofar, kuma yana bukatar hotonta da wannan hasken, minti ɗaya kawai, a yi masa afuwa, ai ya san sauran. Ya tashi ya kashe rikodarsa don kada batir ya ƙare, ya ɗauki kyamara ya fita.

Muka zauna mu uku. Kaza ta yi ƙorafinta. Murfin tukunya ya yi ƙara. Matar nan ta kira ɗanta sau biyu, lasifikar a ƙure, har ya cika tsakar gidan. Ya ce yana zuwa. Ekawel ya ja rawani ya rufe fuskarsa duka. Takamat ta tashi ta shiga ɗaki. Daga waje muna jin ƙyas-ƙyas ɗin kyamara.

Tibo ya dawo yana murna, Takamat ta fito don fassara, ya ce hoton ya yi kyau. Ya ga idon Ekawel, ya ce lallai shirun nan yana taɓa kowa. Ya tambaya ko na sake tunani a kan sunan.

Na ce, "Gaya masa an kira, ba ya nan."

Takamat ta gaya masa. Ya rubuta a littafinsa, ya ce magana ce mai zurfi. Na bar shi ya sha kofi na biyu da na uku, don baƙo ne, ba a korar baƙo da kofi ɗaya. Ya tafi.

An yi shirin a rediyo. Takamat ta ce ya buɗe shi da maganata, wai mahaifiyar mawaƙin, wata dattijuwar hamada, ta ce an kira amma ba ya nan, kuma wannan shi ne ma'anar faifan gaba ɗaya. Ya sa minti ɗaya daga cikin shidan, ya yi surutu a kai. Ya dai cika alkawari ya sa ƙwaryar Ekawel, har aka gayyace shi wasa sau biyu. Wannan kaɗai na gode masa.

Har yau ana sayen faifan, an ce. Wataƙila a wani gari akwai wanda ya zauna har ƙarshe ya ji. Idan akwai, bai rubuta a mujalla ba.

Ni dai kullum idan na idar da azahar, kafin in naɗe sallaya, sai in ɗauko waya in danna ta tara. Ba na tsallake jitar, ko da yake har yanzu gyaran mota nake ji. In jira buta, in jira kaza, in jira murfin tukunya. Bakina a rufe yake. Waccan matar ce take kira, ita ɗanta yana tsakar gida yana alwala. Idan ya amsa mata, sai in kashe wayar in je in sauke abinci.